Muryar Mai Buga Takardu

A kamfanin zanen gine-ginen da yake aiki, babu mai tunawa da Mai Ajiya sai ranar da mutum ya goge abin da bai kamata ya goge ba. A ranar za ka ga injiniya da ƙaton tumbinsa ya sauko ƙasa yana gaisuwa, har da tambayar iyali. Ɗakin nasa yana can ƙarshen baranda, babu taga, ga sanyi kamar cikin firiji. Ko ana zafin da ke narka kwalta, shi yana cikin wata rigar sanyi mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta ɓule.

Akwai babbar kwamfutar da suke kira saba, inda kowa a kamfanin ke jibge zanensa da takardunsa. Aikin Mai Ajiya shi ne ya sa manhaja ta riƙa kwafe su zuwa kaset, don ko saba ta mutu kada aiki ya bi ta. A baki abin da sauƙi. Amma fayilolin nan miliyoyi ne, ƙanana ƙanana, ita kuwa manhajar sai ta tsaya a kan kowanne kamar tsohuwa mai gaishe da 'yan layi. A fara kwafi bayan an tashi aiki, gari ya waye ba ta kai rabi ba. Shi ya zauna ya yanyanka sabar kashi-kashi, kowane kashi da hanyarsa. Kullum ana ɗaukar abin da ya sauya kawai, ƙarshen mako a ɗauki duka, ƙarshen shekara kuma a ware kaset guda a kulle a akwatin ƙarfe, saboda gini yana daɗewa fiye da wanda ya zana shi.

Da safe jan rubutu yake fara nema a allo. Yawanci laifin mutane ne. Wani ya bar zane a buɗe ya tafi gida, manhaja ta tsallake shi. Wani ya saka folda cikin folda cikin folda har sunan ya yi tsawon da ba ya kwafuwa. Sai ya hau bene ya tsaya a kan mai laifin ya ce, "Malam, wannan suna ne ko tarihin kakanka?"

Akwai ƙa'idar da ba ya wasa da ita. Duk wata sai ya zaɓi fayil guda daga wani kaset, ya dawo da shi, ya buɗe ya ga yana raye, sannan ya goge kwafin. Ƙa'idar ta ce a zaɓi kowanne. Yakan yi na kamfani tsakani da Allah, sannan ya tura ƙofa ya ɗauko wani tsohon kaset daga ƙasan akwatin, ya yi nasa.

Matarsa a nan kamfanin ya same ta, ita ce mai buga takardu. Idan manya za su yi taro, takan ajiye ƙaramar na'urar ɗaukar murya a gabanta don ta buga bayanin daga baya. Wata rana, a shekararta ta ƙarshe, ta kunna na'urar kafin manyan su shigo, shi kuma yana durƙushe ƙarƙashin tebur yana gyaran waya. Sai aka ji ta tana cewa, "Mai Ajiya, fito daga nan kafin a ce ɓera ne." Shi ya ce wani abu da ba ya fita sosai, ita kuma ta yi dariyarta, irin wadda takan fara da ƙarfi sai ta tuna a ofis take ta danne. Daga nan ƙofa ta buɗe, taro ya fara.

Ciwo bai daɗe da ita ba, ta rasu. Ta bar masa 'ya guda da ba ta gama firamare ba. Bayan wani lokaci aka share foldarta daga saba, har da fayil ɗin taron nan, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya bar aiki, kuma shi ya share da hannunsa. Hotunanta suna nan a gida, amma muryarta babu ita ko'ina a duniya sai cikin kaset ɗin waccan shekarar. Yana kewarta sosai, kewar da ba ta ragu ba don shekaru sun yi nisa. Duk wata yakan sa abin ji a kunne ya saurari ɗan guntun nan, ya tsayar da zarar ƙofa ta buɗe, ya goge. Taron manya ne, sirrin kamfani ne, fitar da shi ko kwafe kaset ɗin sai da sa hannun manaja. Shi kuwa kunya ta hana shi zuwa ya ce wa wani ƙato yana son ya tafi gida da dariyar matarsa.

Ya san kaset yana gajiya. Shi ke yi wa mutane wa'azin haka. Amma kowa da inda iliminsa ke tsayawa, nasa a bakin akwatin nan ya tsaya.

'Yar ta girma, ta yi aure, ta haihu. Ranar da ta kawo masa jaririyar, tana jijjiga ta a kafaɗa, sai ta ce, "Baba, ka san na manta muryar Mama? Ina ganin bakinta yana motsi, amma ba na jin komai."

Washegari ya hau bene, ya tsaya gaban manaja yana murza hannun rigar sanyinsa, ya faɗi komai.

Manaja ya cire tabarau. "Haba, Mai Ajiya! Ginin da aka yi taron a kansa har an rushe shi. Da tuntuni ka yi magana, ai da na sa hannu. Je ka ɗauka."

Ya sauko, ya tura kaset a inji. Injin ya ja, ya tsaya, ya koma baya, ya sake ja. Jan rubutu ya fito: an kasa karantawa. Ya sa kaset ɗin wanke kan inji, ya sake gwadawa. Ya rage gudu. Ya aro wani injin daga abokin sana'arsa, duk kanwar ja ce. Daidai farkon fayil ɗin, wurin da injin ke tsayawa ya daidaita kansa duk wata, kaset ɗin ya cinye. Ba wanda ya cinye shi sai shi.

Abin da ya rage shi ne ya umarci manhajar ta tsallake inda ya lalace ta kawo sauran. Ta kawo. Farkon shiru ne kawai, sai muryar wani darakta yana cewa a zauna.

Ranar hutu ya je gidan 'yar, ya gaya mata gaskiya, bai rage komai ba. Ta ce, "Kunna hakanan, Baba. Ai tana ɗakin taron."

Suka zauna a falo da waya a tsakaninsu, suna jin maza suna gardama kan kaurin ginshiƙi. Bai taɓa sauraron wannan ɓangaren ba. Mai buga takardu ba ta magana a taron manya, ya san haka, amma ya kasa kunne kamar yadda 'yar ta kasa. Can cikin gardamar, kusa da na'urar sosai, aka ji an juya takarda, biro ya fara tafiya a kanta da sauri.

"Ita ce?" in ji 'yar.

"A gabanta na'urar take," ya ce. "Babu mai rubutu a wajen sai ita."

Ta gyara jaririyar a cinya, ta matso da kunnenta kusa da wayar.

"Mayar da shi baya kaɗan, Baba."