Mai sayar da taki ne ya rubuta

Jiya muna zaune a shagon tura fina-finai a Dangora, sai abokina Nafi'u ya ce in zaɓa masa abin karantawa, irin labaran da duniya ta sauya kama.

Na ji daɗi. Na buɗe masa wani a wayata: bayan shekara ɗari tafkin Bagauda ya ƙafe, masunta suka tarar da gari a ƙasansa, mutane na ta harkokinsu. Shafi uku ya karanta bai ɗago kai ba.

"Kai! Fassara ce? Daga wace ƙasa?"

"Malam Sabi'u na Ba'awa ne ya rubuta."

"Mai sayar da takin nan?" Ya miƙo min wayata yana dariya. "Haba mutumina, shi me ya sani?"

Ya sa aka tura masa fim ɗin waje, ya tafi abinsa.

Ban gaya masa cewa tun bara Malam Sabi'u ya ajiye rubutun a babi na tara ba. Ya ce min tunda ni kaɗai nake tambayar ci gaba, gara ya ji da kasuwarsa.

Mai son karantawa ya yi magana in tura masa. Amma ku faɗa min, sai baƙo ne kawai ya iya mafarki?