Jirgin Kawu Bawa

Ranar da muka binne Kawu Bawa wani ya ce, "Allah Ya jiƙan mai gyaran talabijin," sai na ji raina ya ɓaci. Gyara kam ya yi, shekara da shekaru a wani ɗan shago a unguwarmu Karantina. Amma mu ba da wannan muka san shi ba.

Ƙanen mahaifiyata ne. A nan Jidda aka haife shi, jikan alhazan da suka zo a ƙasa ba su koma ba. Turancinsa a bakin tashar jiragen ruwa ya tsinto shi yana saurayi, guntu-guntu. To akwai wani shirin Turawa na jirgin da ke yawo tsakanin taurari, tun kafin a haife ni ake yin sa. Kawu yakan ɗauke shi a kaset. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ya fito da talabijin tsakar gida, ya rage murya, ya zauna a gefe da kofin shayi yana mayar mana da shi Hausa. Tsofaffin matan unguwa ba su jin Turanci, rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasa kuwa ya fi ƙarfin idonsu. Ba wanda ya damu da sunan shirin. Jirgin Bawa muke ce masa.

Shirin na wancan zamani abin dariya ne in ka gan shi yau. Duwatsun kwali, dodanni da ɗinkin rigarsu a waje. Amma haske tar, mutanen cikin jirgin kuma suna da fara'a. Duk inda suka tarar da waɗanda duniyarsu ta tarwatse, sai ƙofa ta buɗe. A nan Kawu yake ajiye kofi, ya gyara murya ya ce, "Kyaftin ya ce ku shigo, akwai wuri."

"Ba iƙama, ba kafili?" in ji Inna A'i mai gyaɗa, maƙwabciyarmu, kowane mako. Wato ba takardar zama, ba ɗan ƙasa mai tsaya maka.

"Ko ɗaya!"

Sai tsakar gida ta kaure da shewa. Da farko wasa take yi. Bayan an kama ɗanta Mus'ab ba takardu, aka tura shi ƙasar da bai taɓa gani ba, ta daina dariya in ta yi tambayar, amma ba ta taɓa fashin Alhamis ba. Wannan amsar take zuwa ji, kowa ya sani.

Da aka rushe Karantina muka watse kamar an zubar da gero. Kawu ya samu ɗaki a unguwar Khumra bayan wani sito, ƙarar manyan motoci safe da yamma. Kasetocin ma a can ƙarƙashin gini suka tsaya. Ya rame, ya daina tsokanar mutane. Rannan jikarsa Shahad, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce masa an dawo da shirin, sabo fil. Wallahi kamar an zuba masa ruwa ya farfaɗo. Ya bi kowa da waya. Inna A'i tun daga Ammariyya ta taho, da sanda. Tun rushewar ba mu taɓa haɗuwa ɗaki ɗaya ba.

Aka kunna. Ni dai ban san wanda ya ɓata wa waɗannan mutane rai ba. Duhu ko'ina, sai ka ce ba su biya kuɗin wuta ba. Sabon kyaftin fuska a murtuke, kowa na raɗa, kowa na zargin kowa. Wai an girma, an daina shirin yara. Wa ya ce musu mugunta ita ce girma? Mu da muka kwashe katifu a ka buldoza na bayanmu, mu za a koya wa cewa duniya ba daɗi?

Can sai ga wasu a ɗan fasasshen jirgi, da tsofaffi da jarirai, sun iso bakin ƙofa. Kawu ya ajiye kofi. Kyaftin ya yi magana, ƙofa ta rufe ruf.

"Kyaftin ya ce ku ɗan jira, ana gyara muku wuri."

"La ya jaddi, a'a Kaka, ba haka ya ce ba," in ji Shahad. "Ya ce ma fi makan, babu wuri, halas. Ai shi ya sa wannan ya fi na da. Na da ƙarya ne, wannan gaskiya."

Na so in kwaɗa mata mari. Ba da mugunta ta faɗa ba, irin wanda ta tashi tana kallo ke nan, amma har yau in na tuna sai jinina ya tafasa.

Inna A'i ta buga sandarta a ƙasa. "Bawa, mu ba makafi ba ne. Faɗa mana yadda yake."

Ya faɗa. Kalma bayan kalma, ba ragi, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ita ce Alhamis ɗinmu ta ƙarshe. Bai sake kiran kowa ba, ba wanda kuma ya tambaya.

A ranar, da shirin ya zo ƙarewa, babban jirgin yana tafiyarsa ana masa kiɗa, Inna A'i ta matso kusa da gilashin tana leƙen gefe-gefe.

"To, waɗanda aka bari a waje, ina suka tafi?"

Kawu ya amsa, idonsa a kan talabijin ɗin.

"Ba a nuna ba, A'i."