Ɗakin da Inna Ajuma Ta Kwance

A Dogon Dutsi babu maginin da ya kai Inna Ajuma yawan ɗakuna, ko da yake ba ta taɓa riƙe bulo ba. A ruga aka haife ta, can wajen Dogon Kiriya, inda gini aikin mata ne. Duk inda shanu suka tsaya, kafin maza su gama ɗaure maruƙa ta kafa itace, ta tanƙwara, ta ɗaure, ta lulluɓa tabarmi. In ciyawa ta ƙare ta kwance, ta aza wa jaki, a yi gaba. Shekara arba'in tana haka.

Da ƙafa ta fara gardama, ɗanta Sadiƙu ya kawo ta gari ya sa ta a ɗakin siminti. Ta gode, amma ba ta taɓa yafe wa ɗakin ba: ga zafi, ga shi kullum ƙofarsa wuri ɗaya take kallo. Abin da ya fi cin ranta shi ne jikarta Juwairiyya, 'yar shekara tara, wadda in ƙawayenta na lakwal, wato makarantar boko, suka zo sai ta hana ta yi musu zancen ruga. Tsohuwa ta gane kunyarta yarinyar take ji, kuma abin ya yi mata ciwo.

Wata rana malamar su Juwairiyya, Madam Rahina, ta ce kowa ya gina ɗan ƙaramin gida da tarkacen gidansu. 'Yan aji suka wawashe kwalaye a shaguna, Juwairiyya ta tashi a tutar babu. Dole ta zo wurin kakar tana kumbure-kumbure.

Ai kuwa Inna ta miƙe kamar an mayar mata da ƙuruciya. Tsintsiyar gidan ta rasa rabin tsinkenta, aka farke buhun gero don zare, aka yanki gefen tsohuwar tabarma. A kan faifai suka yi ginin. Ta nuna wa yarinyar yadda ake jiƙa tsinke kafin a tanƙwara shi, da dalilin juya wa gabas baya, tunda daga can iskar damina ke bugowa, da ƙullin da ke riƙewa gam amma ja ɗaya ke warware shi. Kwana uku suna yi, har Juwairiyya ta manta tana fushi.

Ranar kaiwa, yarinya ta fito daga wanka ta tarar da faifai wayam. Inna ta kwance ɗakin tsaf, ta ɗaure tsinke wuri ɗaya, ta naɗe tabarma, tana jiran a yaba mata.

"Inna, mi kinka yi haka?"

"Ba tahiya za ki yi da shi ba? Wa ka ɗaukar ɗaki tsaye?"

Juwairiyya ta fashe da kuka. Sai a lokacin tsohuwa ta gane ta yi ɓarna. Ta ɗauki sanda da ƙunshin, ta bi ta har lakwal, yarinyar na gaba tana sauri don kada a ce tare suke.

A aji gidajen kwali sun cika tebur, har da benen wani Zakariya da rufinsa ya fice a kan babur. Da aka ga ƙunshin tsinke sai dariya ta ɓarke. Inna ba ta kula ba. Ta zauna a ƙasa ta fara kafawa, dariya ta yi ta raguwa, yara suka kewaye ta. Madam Rahina ma ta durƙusa tana tambayar abin da ya sa ba ya faɗuwa alhali babu ƙusa.

A ƙullin sama yatsun tsohuwa suka ƙi, zare ya suɓuce sau biyu. Sai ga wani ƙaramin hannu ya karɓa.

"Kawo, Inna. Ku matsa ku gani, kakata ta koya mini."

Da aka tashi, sauran yara suka rungumi kwalayensu suna tafiya a karkace. Juwairiyya kuwa ta ja zare sau ɗaya, ta tattara ɗakinta ta sa a hammata, ta kama hannun kakarta suka nufi gida a hankali.