Gwangwanin Daddawar Kakata

Har yau in na bi ta layin masu kayan miya, warin daddawar batso ya daki hancina, sai na tsaya kamar wadda aka kira sunanta. Wasu toshe hanci suke yi. Ni kuwa unguwar Dubeli ta Jimeta yake mayar da ni, shekarar da aka yi wa babanmu canjin wurin aiki daga Azare zuwa Jimeta, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas.

Kowa ya saba da garin ban da kakata. Zafin bai yi mata ba, kifin Binuwai ya cika ƙarni, maƙwabta kuma in sun ɓarke da Fulatanci sai ta ce da ita suke. Ko ƙullin kayanta ba ta kwance ba. Abu ɗaya take buɗewa kullum, wani gwangwani cike da daddawar kalwa da ta yi da hannunta kafin mu taso. Ta kalwa akwai a kasuwa, amma ta ce wannan sunan kawai ta ara. Ta gaya wa babanmu a gaban kowa cewa ranar da daddawarta ta ƙare, ranar za ta hau motar gida.

Mai karatu, ni a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. In ta tafi, ban san wa zan raɓa ba a garin da ko wasan yaransa ban iya ba. Sai na zama mai gadin gwangwani. Kullum sai na leƙa, na ga ya ƙara yin ƙasa. Har cewa na yi miya ta fi daɗi ba daddawa, aka yi mini dariya.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika har jiragen ruwa suna isowa bakin gari, saura ɗan kaɗan a gindin gwangwanin. Ina kuka a bayan zana sai tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wata Bafulatanar Yola da kowa ke ce wa Dada, ta gan ni. Na gaya mata komai. Ta shiga ɗaki ta fito da wani baƙin curin daddawar batso a ganye.

"Kakanka kewar gida yake yi," in ji ta da irin Hausarta. "Kai masa wannan. Mu mbuja muke ce masa, da 'ya'yan yakuwa ake yi."

Ban kai mata hannu da hannu ba. Wayon yaro ya ce mini daddawa ai daddawa ce, na faki ido na tura curin cikin gwangwani na rufe.

Da la'asar kakata ta buɗe. Warin ya cika tsakar gida, har babarmu ta leƙo daga madafa. Wadda ta tsufa tana dafa kalwa ce za a ruɗa da batso? Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Can ta gutsura ta jefa a turmi.

Da muka zauna cin tuwo babanmu ya ce yau miyar ta sauya.

"Daddawata ce," in ji kakata. "Da sauranta da yawa."

Washegari ta kwance ƙullin kayanta, ta sa na raka ta gidan Dada. Ɗaya ba Fulatanci, ɗaya Hausa sama-sama, amma sun kai azahar a kan tabarma ɗaya. Daga ranar, duk sanda gwangwanin ya yi ƙasa sai in tarar an cika shi, kuma ba ni ce mai cikawa ba.

Yanzu dunƙulen kanti ya kori daddawa daga tukwane da yawa, jikokina ma cewa suke tana wari. Ba na musu da su. Kakata ba ta taɓa cewa Jimeta ta yi mata ba, ko sau ɗaya. A nan dai aka binne ta, kuma ranar da muka kwashe kayanta, gwangwanin a cike yake.