Karatun da Juni Take Jira

Duk wanda ya san Darla Rehrig ya san ba matsoraciya ba ce. Mace ce da za ta zura hannu cikin akuya mai naƙuda, ta juyo ɗan da ya zo a gicciye, ta wanke hannun ta koma kan kwaɓin burodinta. Amma da watan Yuni ya kama sai ka ga wata Darla daban. Motar mai kawo wasiƙa ta tsaya a bakin titi, gabanta ya faɗi. Waya ta yi ƙara, sai ta duba lambar sau biyu kafin ta ɗauka. A shekarar da nake ba da labari kuwa, tun cikin Afrilu ciwon ya kama ta.

Abin yana da asali. Tana 'yar shekara takwas wata malama ta tsayar da ita gaban aji ta yi karatu. Harshenta ya sarƙe, yara suka fashe da dariya, fitsari ya zubo mata har cikin takalmi. Sunan da suka laƙaba mata ranar ya bi ta har ta bar makaranta, kuma ba zan faɗe shi ba, don har gobe muna gaisawa da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar da ta auri Wendell, mai gyaran injin tatsar shanu, suka tare a 'yar gonarsu ta bayan tudu a jihar Pennsylvania, ta gaya masa ɗanta ba zai taɓa tsayawa gaban aji ba.

Ba ma makaranta kaɗai ta ƙi ba, har kamanninta. A gidan babu allo, babu jadawali, babu "zo ki zauna in koya miki". Yaro ya bi abin da ransa ke so, babba ya amsa in an tambaye shi. Uwar Wendell ta yi ta mitar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Darla kuwa amsarta ɗaya ce, ta faɗa a coci, ta faɗa a kanti, ta faɗa a gaban yaran sau ba adadi.

"Karatu kamar haƙori ne. Wa ya taɓa koya wa haƙori fitowa? In lokacinsa ya yi, da kansa yake tsagowa."

Kuma tana da hujja. Babban ɗansu Tobin yana shekara bakwai ya ɗauki littafin gyaran tarakta, ba wanda ya nuna masa komai, kafin kaka ta wuce yana karanta wa ubansa. Yanzu yana can birni yana walda. Saura autarsu Juni, mai shekara tara da rabi. Juni ta san kowace akuya da sunanta da na uwarta, tana gane ciwon kofato tun daga tafiya, labari kuwa in ta ji sau biyu ya zauna. Sai dai ko sunan da ke jikin buhun dusa ba ta iya karantawa ba.

Hukuma dai ba ta hana kowa riƙe ɗansa a gida ba, amma tana da nata sharaɗin. Duk shekara sai wata malama mai lasisi ta duba fayil ɗin aikin yaro, ta zauna da shi ta ji bakinsa, ta sa hannu cewa yana samun ilimi, takardar ta isa ofishin makarantun gunduma kafin Yuni ya ƙare. Shekara da shekaru wata malama Noreen ce ke yi musu, ita ma irinsu ce, nata yaran haka suka tashi. A sha kofi, a yi hira, Juni ta kawo ɗan akuya a gani, Noreen ta sa hannu. A cikin hunturun nan mijin Noreen ya rasu, 'yarta ta zo ta kwashe ta zuwa kudu. Darla ta buga waya gida bakwai, duk sun cika. Wadda ta rage ita ce Malama Orpha Yeakel, wadda ta yi shekara talatin da huɗu tana koyar da 'yan aji uku kafin ta yi ritaya.

Aji uku, ajin da aka yi mata dariya! Darla ta ajiye wayar. Ta san yadda abin yake tafiya in babu sa hannu: wasiƙa daga ofis, a kira su zama, daga nan a ce a kai yarinya makaranta. Ta rufe ido sai ta ga Juni tsaye gaban aji da littafi a hannu, yara ashirin sun zuba mata ido.

Ta ɗauko fayil. Akwai wani aiki da iyayen irin wannan gida suka ƙware a kai, wato mayar da zaman duniya yaren makaranta. An gasa burodi, a rubuta "lissafi: rabi da kwata". An haihu a garke, a rubuta "kimiyya". An tsaya gardama da mai kanti, wannan kuma "zaman jama'a". Nan babu ƙarya, ado ne kawai. Da ta zo shafin littattafai sai alƙalamin ya tsaya. Littafi sittin da ɗaya suka gama a shekarar, duka Darla ce ta karanta, Juni na kwance a cinyarta. Ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta rubuta a samansa: "Littattafan da Juni ta karanta."

"To, in tsohuwar ta miƙa mata ɗaya ta ce bismilla fa?" in ji Wendell, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita aiki.

"Za ta karanta."

"Da wane idon? Darla, ni fa ban yi boko mai zurfi ba, amma na san ba a kiwata akuya ranar kasuwa."

"Kai dai je ka ga shanunka. In aka ɗauke ta, kai za ka raka ta ajin?"

Wendell ya ɗauki hularsa ya fita.

Matar da ta yi shekara ashirin ba ta taɓa ce wa yaro "zauna" ba, sai ga ta kullum bayan karin kumallo ta zaunar da Juni a teburin kicin, da wani ƙaramin littafi na labarin kare da ambaliya ta raba da gidansu. Ba karatu take koya mata ba, don sati uku ba zai isa ba. Hadda take sa ta. Ta nuna mata inda za ta juya shafi, ta ce ta riƙa bin layi da yatsa, ta ɗan yi tuntuɓe nan da can don kada abin ya yi kyau da yawa.

"Mama, wasa ne?"

"Wasa ne. Amma wasan namu ne mu biyu, kin ji? In Malama ta gane, za su ce sai kin tafi makaranta."

Yarinyar ta dube ta, ta ce to. Tun daga ranar ta rage cin abinci, Darla ta gani, ta ce wa kanta zafi ne.

Rana ba ta ƙarya. Sha ɗaya ga Yuni, da hantsi, suka tsaya a ƙofar wani farin gida a cikin gari. Malama Yeakel 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tabarau rataye a wuya, muryarta a hankali, irin muryar da ke sa aji ya yi tsit. Ta ajiye musu kofi da kek mai maɗi, ta buɗe fayil tana bi shafi shafi.

Tsohuwar ta fara da awaki. Nan Juni ta saki jiki, ta zayyana mata cikin akuya ɗaki huɗu da aikin kowanne. Aka tambaye ta turaku nawa za a kafa a shinge mai taku sittin in ana barin taku biyar tsakani, ta ce goma sha uku, don akwai na farko wanda mutane ke mantawa. Malama Yeakel ta ɗaga gira.

"Manya ma sha biyu suke ce mini. To, 'yar nan, karanta mini wani abu. Wanne kika fi so?"

Juni ta ciro littafin karen. Ta ɗora yatsa, ta fara. Murya tar, tuntuɓe a inda aka ce ta yi tuntuɓe. Darla ta fara jin numfashinta yana dawowa. Sai dai maɗin kek ya taɓa yatsun yarinyar, da ta zo juyawa shafi biyu suka manne suka tafi tare. Juni ba ta sani ba. Ta ci gaba da labarin kare a kan rufin rumbu, yatsanta na bin layukan da ke maganar wani abu can daban, hoton da ke gabanta kuwa karen har ya isa gida.

Darla ta gani. Ta ga tsohuwar ma ta gani. Ta rasa inda za ta sa idonta.

Malama Yeakel ta bari har yarinyar ta kai aya. Sannan ta jawo takarda ta rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, sunan dabbar da Juni ta fi sani a duniya, ta tura mata.

"Wannan fa?"

Juni ta dubi takardar. Ta dubi uwarta.

"Ni ce," in ji Darla. "Malama, ni na sa ta. Ba laifinta. Don Allah kada ki rubuta abin da zai sa a kai ta aji, ba ki san abin da suke yi wa yaron da..."

"Na sani. Shekara talatin da huɗu ina ciki. Ki yi shiru tukuna, ba da ke nake ba." Ta cire tabarau ta juyo wajen yarinyar. "Juni, ke kina son ki iya karatu?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. A gidansu ba a tambayar yaro irin wannan, don kada a matsa masa.

"Ina so."

"To me kike yi a kai?"

"Ina dubawa."

"Dubawa kamar yaya?"

"Kullum da safe, kafin Mama ta tashi, sai in buɗe littafi in ga ko ya zo. Mama ta ce da kansa yake zuwa, kamar haƙori. Na Tobin ya zo yana shekara bakwai." Ta goge hanci da bayan hannu. "Tun ina bakwai nake dubawa. Baƙaƙen ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ina jin nawa ya lalace ne a ciki. Ban faɗa ba don kada Mama ta ji tsoro."

Shekara biyu da rabi. Darla ta lissafa safiyoyin a ranta, ta kasa kai ƙarshe. Duk tsoron da ta sha na motar wasiƙa da ofis da tsohuwar nan, ashe abin tsoron yana ɗakin da ke jikin nata, bango ɗaya tsakani. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun ranar da ta tsaya gaban allo.

Malama Yeakel ta buɗe shafin littattafai ta miƙa mata alƙalami.

"Gyara da hannunki. 'Littattafan da aka karanta wa Juni.' Sittin da ɗaya ba abin kunya ba ne, ƙaryar ce abin kunya. Yarinyar nan tana samun ilimi, na gani da idona, zan sa hannu a kan haka. Amma zan rubuta cewa ba ta fara karatu ba, kuma za a kai ta a duba ta. Na sha ganin irinta, kusan kowace shekara akwai ɗaya a ajina, kuma sukan zama masu kaifin kai. Irinsu ba ya zo musu da kansa, sai an kama hannunsu baƙi bayan baƙi. Ga lambar wadda za ki kira. In na ji ba ki kira ba, baɗi kada ki zo ƙofata."

Ta sa hannu. Takardar da Darla ta yi wata uku tana mafarkinta ta shiga jakarta, ko kallonta ba ta yi ba. A mota, da suka wuce gada, Juni ta ce, "Mama, na ɓata wasan ko?" Darla ta girgiza kai.

Washegari ta riga awaki tashi. Ta tsaya a bakin ɗakin Juni, ƙofar a ɗan buɗe. Yarinyar na zaune a gefen gado cikin rigar barci, gashi a hargitse. Ta jawo littafi daga ƙarƙashin filo, ta rufe ido, ta buɗe shafi, sannan ta buɗe idon. Ta ɗan jima tana kallo. Ta rufe littafin a hankali za ta mayar, kamar wadda ta saba.

Darla ta tura ƙofar ta shiga, ta zauna kusa da ita.

"Ba zai zo da kansa ba, Juni. Ni na faɗa miki ba daidai ba. Mu za mu je mu ɗauko shi, ni da ke da wata malama."

Juni ta juya littafin a hannu.

"Ke nan ba ni ce na lalace ba?"

"Ba ke ba ce."

"To gobe ba sai na duba ba?"

"Ba sai kin duba ba," in ji Darla. "Matso nan. Kawo littafin."