Yadda Ciwon Ido Ya Fidda Ni Daga Raga

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokai. Tun bara ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun kira ban ɗauka ba, wasu kuma sun ji an ce na makance. Ban makance ba. Ga abin da ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, ni ne golan ƙungiyar garinmu Wurno shekara da shekaru. Tun ina firamare a Marnona nike tsaron raga, don ni ne dogo a ajinmu, kuma ba ni da gudu.

Abin ya faro ne a wani wasa da munka buga a Rabah. An bugo kwana, na fito in damƙe ƙwallo, gwiwar hannun wani ɗan wasa ta same ni a idon hagu. Ba da gangan ya yi ba. Anka zuba min ruwa, na ƙarasa wasan.

Kumburin ya sauka, sai na fara ganin walƙiya a gefen idon da rana tsaka. Sai wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a gabana. A kemis anka ba ni maganin ɗigawa.

Wata rana muna atisaye, ƙwallo ta taho ta hagu, ban gan ta ba sai da na ji ta cikin raga. Kocinmu Malam Buhari ya tsai da wasa, ya zo gabana.

"Rufe idonka na dama. Yatsa nawa ni ɗaga?"

Ko hannun ban gani ba. Kamar an saki baƙin labule ya rufe rabin fili.

A Sakkwato likita ta ɗiga min magani, ta haska idon ta daɗe tana dubawa. Tac ce tantanin da ke can bayan ido, wanda ke ɗaukar hoto, ya fara ɓallewa. "In ya gama ɓallewa, idon ya tafi. Ba mu yin aikin a nan. Ku tafi Kaduna, kuma kada ku tsaya dogon shawara."

Aikin yana da tsada. Albasar da na ajiye ina jiran ta yi daraja na sayar a farashin ranar, babur ɗina ya bi ta. 'Yan ƙungiya sunka cika sauran.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Da za a shiga da ni na tambayi likitan ko zan koma raga. Yac ce, "Bari mu fara ganin ko za ka gane fuskar 'ya'yanka da idon nan."

Bayan aiki ne jinyar gaskiya ta fara. Sun sa min iska a cikin idon don ta danne tantanin, kuma ba ta danne shi sai kaina yana kife. Haka nike kwana, haka nike wuni, fuska a ƙasa. Salla da ishara. Kunu ta tsinken shan lemo. Wuyana da bayana kamar an yi min duka. Matata Rabi ta zama mai gadi. Ko motsi na yi sai in ji ta: "Mi kake nema? Hwaɗa min in ɗauko. Kan nan dai ba ya tashi."

Da munka dawo gida, Malam Buhari yakan zo duk bayan wasa ya zauna gefen katifa, ni ina kallon ƙafafunsa kawai, ya ba ni labarin yadda anka ci mu. Ni kuma in ce masa ai ɗan baya na dama ne ke saurin hawa, ko kuma sabon gola ba ya yi wa mutanensa magana. Wanda ya yi shekaru a raga ya san kowa ta bayansa. Wata rana yac ce, "Ni na tsuhwa, gwiwa ta ƙi. In ka tashi, yaran ga naka ne."

Da ya fita na yi kuka, Rabi tana ta yi min faɗa kada in ɓata aikin likita.

Idon ya dawo, amma ba duka ba. Ina gane fuska, ina karatu da tabarau, sai dai gefen hagu akwai duhu har yau. Likita yac ce bugu ɗaya zai iya rusa komai. Raga ta ƙare.

Wasana na farko a matsayin koci a Goronyo ne, kuma an ci mu. Duk ƙwallon da anka bugo wa golanmu, jikina sai ya karkata daga kan benci. Da anka tashi na same shi zaune gindin turke ya rufe fuska. Na san wannan zama, na yi shi sau ba adadi. Na zauna kusa da shi har 'yan kallo sunka watse, sannan munka fara maganar atisayen gobe.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin nan biyu da ma'aikatan jinya, da Rabi, da Malam Buhari, da duk wanda ya taimaka ko ya yi addu'a. Allah ya saka da alheri.

'Yan ƙwallo, in an buge ku a ido, kada ku tsaya ga kemis. In kun ga walƙiya, ko ƙudaje, ko labule, ku nemi likitan ido ranar. Masu horarwa, ku fidda ɗan wasan ko da wasan ƙarshe ne.

Kuma yanzu, kafin ka wuce rubutun nan, rufe ido ɗaya ka dubi ɗakin da kake. Sannan ka rufe ɗayan.