Tabilet ɗin Kawu a Kasuwar Shagari

Ranar kasuwar Shagari ce, da hantsi, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare. Ina tsugunne a rumfar mai cajin waya, janareta na ruri a bayana, yayana Murtala ya ɗora wata tsohuwar tabilet a cinyarsa, fararen rubutu na gudu a kan baƙin gilashinta. Sai wani ƙato mai jar hula ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ja da baya, ya kwarara ihu: "Ga ta nan! Goge ta sukai! Ɓarayi na!" Kafin Yaya ya ɗaga kai, gora ta sauka a ƙeyarsa.

Tabilet ɗin tamu ce. Ƙanen mahaifiyarmu, Kawu Nasiru direba, shi ya kawo mini ita Boɗinga bayan ta daina aiki: in an kunna ta sai ta nuna tambarinta ta tsaya nan har batir ya mutu. Duk da haka ba ni da abin taƙama kamarta. Da safe in na share garken tumaki na ɗebo ruwa, sai in cusa ta cikin buhun da nake yanko ciyawa, in tafi da ita gona. Da yamma abokaina na langa da ƙwallon tsumma a filin makaranta, ni ina gindin dalbejiya ina danne-danne. Da Yaya ya zo hutu daga makarantarsa ta Sakkwato, ya juya ta ya ce ba mutuwa ta yi ba, manhajar da ke tafiyar da ita ce ta ruɓe. Ya ce akwai wata ana kiranta Linux, mutanen duniya ne suka haɗa hannu suka rubuta, kowa na iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta ya gyara yadda yake so. Muka riƙa zuwa bakin kwalta inda sabis ya fi ƙarfi, muna sauke ta kaɗan-kaɗan a wayarsa, mu zuba a memori. Matsalar ɗaya ce: aikin ba ya son yankewa, batir ɗin kuwa ba ya riƙe caji, wuta kuma ta yi makonni ba a kawo ba. Shi ya sa da Baba ya aike mu Shagari da buhunan gero, muka sauke wa dillali muka nufi rumfar mai caji.

Ashe da sassafen nan an fasa shagon wani mai sayar da wayoyi, an kwashe kaya har da tabilet, kasuwa duk a hasale take. Mu ba mu sani ba. Bayan gora ta farko ban ƙara gane wa ke dukan wa ba. Aka jawo Yaya da ƙafa zuwa tsakiyar hanya, masu itace, masu bulo, wani har da ƙarfen awo. Yana faɗin sunan Baba da unguwarmu, bakinsa na zubar da jini, ba mai saurare. Ya sa hannun dama ya kare kansa, na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Ni kuma na kifa a kan tabilet ɗin, wani ya take mini baya, wani ya shaure mini fuska da takalmi har leɓena ya tsage. Sai na ji ana cewa a kawo taya, na ga wani yaro sa'ana ya taho da fetur a gorar roba yana dariya.

Wata tsohuwa mai fura daga Lambara, Inna Hajo, ita ta cece mu. Ta san mahaifiyarmu tun suna 'yan mata. Ta ture mutane, ƙwaryar nononta ta faɗi ta fashe, ta kwanta a kan Yaya ta rufe shi da mayafinta. Sanda ɗaya ta same ta a kafaɗa, ba ta motsa ba. "Ɗiyan A'i ta Boɗinga na!" take faɗi da ƙarfi. "Wanda duk za ya ƙone shi, ya hwara da ni!" Hannaye suka yi sanyi. Aka kira mai shagon, ya karɓi tabilet ɗin daga ƙarƙashina ya duba bayanta, ya ce tasa fara ce sabuwa a kwali, wannan ko kyauta ba ya so. Taron ya watse kamar ba a yi ba. Mai jar hula ya ɓace, babu wanda ya ce mana sannu.

A bayan motar albasa aka mayar da mu gida. Mai ɗori ya zo ya ja yatsun Yaya, ihunsa har maƙwabta. Baba ya ɗauko taɓarya zai farfasa tabilet ɗin a tsakar gida, sai Yaya daga kwance ya ce, "Baba, in ka hwasa ta, dukan banza na sha ke nan." Baba ya jingine taɓaryar ya fita.

Da aka kawo wuta bayan sati biyu, muka sake daga farko a zaure. Hannun Yaya na ɗaure da karare, don haka shi ke faɗa, ni ke dannawa. Gilashin ya tsage tun ranar kasuwar, taɓawa ba ta aiki, sai muka aro maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, muka jona shi da 'yar igiyar waya. Karon farko ta tashi rubutu a kife. Na biyu ba sauti. Yaya ya sa na buɗe wani fayil na canja layi guda, muka kashe muka kunna. Bayan la'asar sai ga fuska shuɗiya ta bayyana a bayan tsagar gilashin, kibiya na bin hannuna duk inda na ja. Yaya ya yi dariya da kumburarren baki har hawaye. A kanta na koyi buga rubutu, a kanta ƙannena mata suka koyi lissafi.

Yanzu ina da shagon gyara a Sakkwato, sola a kan rufi, sabis har cikin ɗaki, aikin da ya ci mana wata guda ina gama shi kafin shayi ya huce. Yaya na koyarwa a wata jiha, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, sai Sallah muke haɗuwa. Inna Hajo ta rasu ba ta taɓa tambayar mene ne abin da ta kusa mutuwa a kansa ba. Na tayar da na'urori masu yawa tun daga lokacin, amma babu wadda na yi murna da ita kamar waccan mai tsagaggen gilashi, ranar da muke zaune a tabarma ɗaya, ni ne hannunsa. Wancan zaman nake kewa.